Ta yaya zan gane asibitin haƙorin da ba zai ɗora mini wata cuta ba?

Tambaya: "Likita, barka da aiki. An ce a cire mini haƙorin turmi na ƙasa mako mai zuwa. Ranar da na je aka duba ni, wurin fes yake, ga sanyi ga ƙamshi. Amma ina zaune sai na ga ma'aikaciyar ta ɗauki injin nan mai ƙara da aka gama yi wa wani aiki da shi, ta goge shi da auduga da sifirit, ta mayar da shi mazauninsa. Madubin da aka sa mini a baki kuma daga wani kwano mai ruwan magani aka tsamo shi. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Shin haka ake yi a ko'ina? Kuma ni da ban karanci aikin ba, ta yaya zan gane wurin da ke kiyaye ƙa'ida?"

Malama, barka kadai. Tambayarki biyu ce: ko abin da kika gani daidai ne, da kuma yadda wanda ba likita ba zai auna asibitin haƙori. Ta farko amsarta gajeriya ce. Idan har an mayar da injin nan mazauninsa don a sa shi a bakin mai zuwa, to ba daidai ba ne, kuma rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya. Ta biyun ce ke buƙatar zama, domin abin da ido ke fara gani a asibiti, wato fenti da fitilu da sabuwar kujera, shi ne mafi ƙarancin amfani wajen wannan awon. Kyan ɗan maciji ne wani lokaci. Lafiyarki tana wani ƙaramin ɗaki a baya wanda ba a cika kai mara lafiya ba, ɗakin da ake wanke kayan aiki a turara su.

Dalilin da ya sa ake tsaurara wa aikin baki

Kusan babu aikin haƙorin da ba a taɓa jini. Ko wankin haƙori kawai aka yi, dasashi yakan yi jini, ya gauraya da yawu, ya hau duk abin da ya shiga bakin. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 ko fiye a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma ta kama mutum bayan haka. Idan allurar da ta taɓa jinin mai ɗauke da ita ta soki wanda bai yi rigakafi ba, haɗarin kamuwa yakan kai kashi 30 cikin 100 a yanayi mafi muni. Na ciwon hanta nau'in C bai kai kashi 2 cikin 100 ba, na ƙanjamau kuwa kamar 3 ne cikin 1,000. Mutane sun fi tsoron ƙanjamau, amma mu ma'aikata ciwon hanta B ne ya fi hana mu barci. Kuma mafi yawan masu ɗauke da shi ba su san suna da shi ba, don haka ƙa'idar aikin ita ce a ɗauki kowane mara lafiya kamar yana ɗauke da wani abu. Ba a duba fuska ko sutura.

Wannan tsaurin da tsada aka koye shi. A 1990 aka gano wani likitan haƙori a jihar Florida ta Amurka wanda bincike ya danganta shi da kamuwar marasa lafiyarsa 6 da ƙanjamau, kuma wannan lamari ya girgiza aikin sosai. A 2013 a birnin Tulsa na jihar Oklahoma aka nemi mutane kusan 7,000 su je a gwada jininsu, bayan masu bincike sun tarar da kayan aiki masu tsatsa da sakaci wajen allurai a wani asibitin tiyatar baki. An tabbatar a can cewa ciwon hanta C ya tashi daga wani mara lafiya ya shiga wani. Na kawo waɗannan ne don ki ga cewa sakaci bai san ƙasa mai arziki ba.

Injin da kika gani

Tun shekarun 1960 wani masani mai suna Earle Spaulding ya kasa kayan asibiti gida 3, kuma har yau da wannan rabon ake aiki. Akwai masu huda nama ko taɓa ƙashi, kamar filayar cire haƙori da wuƙar tiyata. Akwai masu taɓa cikin baki ba tare da sun huda ba, kamar madubi. Sai masu taɓa fata kawai, kamar hannun kujera. Na farko dole a kashe duk wani abu mai rai a jikinsu. Na biyu ma, muddin suna jure zafi, turara su ake yi. Na uku ne kaɗai shafa magani ke wadatarwa.

Kan injin nan da muke ƙwaƙule haƙori da shi yana cikin waɗanda dole a turara bayan kowane mutum, kuma dalilin yana cikinsa. Iska ce ke juya shi, yana zagayawa sau dubu ɗaruruwa a minti guda, ruwa na fita ta wasu siraran bututu don ya sanyaya haƙori. A daidai lokacin da likita ya ɗaga ƙafarsa injin ya tsaya, yakan ɗan zuƙo abin da ke bakinsa zuwa ciki, yawu da jini da garin haƙori. Auduga da sifirit bayansa kawai suke gogewa. Da an sake kunna shi, abin da ya shige ciki sai ya feso a bakin wani. Ƙa'idojin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta fitar a 2003 kan aikin haƙori sun faɗi wannan ƙarara: a cire shi, a wanke, a sa masa mai, a turara.

Me ya sa wasu ba sa yi? Kuɗi da gaggawa. Kan injin yana da tsada, zafi yana rage masa kwana, kuma asibitin da zai turara shi bayan kowa sai ya mallaki guda da yawa don kada aiki ya tsaya. Na san wannan nauyin don ni ma ina saye. Amma nauyi ne na mai asibiti, bai kamata a juye shi a bakin mara lafiya ba.

Shi kuwa kwanon ruwan maganin, akwai sinadarai irin su gulutaraldehaid da ke iya kashe komai, amma sai kaya sun yi kamar awa 10 a nutse, a ruwan da bai tsufa ba, sannan a ɗauraye su da ruwan da aka tsarkake daga ƙwayoyin cuta. A ranar aiki wa ke jiran awa 10? Abin da ke faruwa shi ne a jefa wannan a tsamo wancan, ba wanda ya san wanne ya daɗe. Madubin ƙarfe yana jure tururi, saboda haka babu hujjar jiƙa shi.

Tafiyar ƙarfe daga baki zuwa baki

A wurin da ke kan ƙa'ida, kayan da aka gama aiki da su hanya ɗaya suke bi, daga ɓangaren datti zuwa ɓangaren tsafta, ba sa komowa baya. Wanki ne farko, kuma shi aka fi rainawa. Jinin da ya bushe a gaɓar filaya yakan zame wa ƙwayoyin cuta garkuwa, tururi bai kai gare su ba. Bayan wanki da burushi ko da na'ura, sai a duba kowane ƙarfe a haske, a busar, a sa a jaka mai fuskar takarda da fuskar leda, a liƙe, a rubuta kwanan wata. Sannan a shigar da shi otokilef, wato na'urar da ke turara kaya da tururi mai matsi.

Tafasa kaya a ruwa ba ta isa. Ruwa ba ya wuce digiri 100 idan yana tafasa, kuma akwai ƙwayoyin cutar da ke dunƙulewa cikin ɓawo mai tauri su jure wannan zafin. Matsi ne ke ba tururi damar haura haka: digiri 121 na minti 15 zuwa 30, ko digiri 134 na minti 3 zuwa 4. Kayan da ke da rami a ciki, irin kan injin nan, sun fi son otokilef mai zuƙe iska kafin ya saki tururi, wanda ake kira ajin B, domin duk inda iska ta maƙale tururi ba ya shiga. Akwai kuma wata akwati mai shuɗiyar fitila da za ki gani a wasu wurare, kaya jere a ciki gwanin sha'awa. Wannan ma'aji ce kawai. Haskenta ba ya kaiwa ƙarƙashin ƙarfe, balle cikinsa.

Mallakar otokilef ma ba ita ce ƙarshen magana ba, sai an tabbatar yana aiki. Ana duba zafi da matsi da lokaci a kowane zubi a rubuta. Kowace jaka tana da ɗan layi mai canza launi idan ta sha zafi. Sai gwaji mafi ƙarfi, wanda ake so a yi aƙalla sau ɗaya a mako: a saka ɗan kwalba mai ɗauke da ƙwayoyin wata bakteriya mai tsananin jure zafi, bayan an gama a ba su yanayin tsiro. Idan sun tsiro, injin turarawar bai yi aikinsa ba.

Ya taɓa faruwa da ni. Wata safiya mai kula da ɗakin ta kawo mini kwalbar gwajin, ruwan ciki ya juye daga shunayya zuwa rawaya, alamar ƙwayoyin suna raye. Allon injin bai nuna matsala ba, layukan jakunkuna duk sun canza launi. Muka dakatar da injin, muka kwaso duk jakar da ta fito daga cikinsa tun bayan gwajin ƙarshe mai kyau, muka ɗage ayyukan da za su iya jira. Da aka bincika, robar bakin ƙofar ce ta fara tsagewa, ga kuma ɗabi'ar da muka faɗa ta cusa kaya da yawa a zubi ɗaya don mu rage lokaci. Laifin cusawar nawa ne, ni nake matsa musu su yi sauri. Da ba ma yin gwajin, da mun ci gaba muna buɗe jakunkuna a gaban mutane muna taƙama, alhali ciki ba tabbas. Shi ya sa idan aka ce in auna wani asibiti, littafin ɗakin turara kaya nake fara nema.

Ruwa, hannu da allura

Ruwan da ke fita daga kujera wata kafa ce da ba a cika tunawa da ita ba. Bututunsa sirara ne, ruwa yana kwana a ciki, sai wani yauƙi mai kama da gansakuka ya kama bangonsu, ƙwayoyin cuta su zauna. A 2011 wata tsohuwa 'yar shekara 82 ta rasu a Italiya da ciwon huhu na Lejonela, wata ƙwayar cuta mai zama a ruwa, aka bi sawu aka tarar da ƙwayar a bututun kujerar likitan haƙorinta. Ƙa'ida ita ce a riƙa sa wa bututun magani, a saki ruwa na daƙiƙa 20 zuwa 30 tsakanin mutum da mutum, kuma idan tiyata ce da za a buɗe ƙashi, a yi amfani da ruwan da aka tsarkake, ba na kujera ba.

Safar hannu kuwa ki sa mata ido sosai, don ita kike iya gani. Sabuwa ake sawa a gabanki, bayan an wanke hannu ko an shafa maganin goge hannu. Likitan da ya shigo da safa a hannunsa, ko ya amsa waya da ita, ko ya ja aljihun tebur ya dawo bakinki, kansa yake karewa kawai. Allura da ƙaramar kwalbar maganin kashe zafi na mutum ɗaya ne. Ko rabi ya rage a kwalbar, zubarwa ake yi, domin jini yakan koma cikinta lokacin allura. Bututun robar da ke zuƙe yawu da kofin kurkure baki su ma ba a maimaita su.

Inganci ya wuce tsafta

Ana iya samun wuri mai tsafta amma aikinsa na ganganci. Babbar alamar likita mai lura ita ce yawan tambayarsa kafin ya taɓa ki. Kina da hawan jini ko ciwon suga? Kina da ciki? Kina shan maganin tsinka jini irin su wafarin? An taɓa ba ki maganin ƙarfafa ƙashi? Wani magani ya taɓa yi miki borin jini? Kowace tambaya akwai masifar da take tarewa. Mai shan wafarin ana so a gwada jininsa kusa da ranar cirewa, kada kuma ya daina sha da kansa. Wasu magungunan ƙarfafa ƙashi suna iya hana ramin haƙori warkewa har ƙashin muƙamuƙi ya mutu. Wanda ya zaunar da ke ya ɗauko allura bai tambaye ki komai ba, ki ce ya dakata.

Haƙorin turmi na ƙasa da za a cire miki yana buƙatar hoton X-ray, musamman idan na can ƙarshe ne, domin saiwoyinsa kan kusanci jijiyar da ke ba leɓen ƙasa ji. Idan aka taɓa ta, leɓe yakan mutu na wani lokaci, a wasu 'yan kaɗan ma ya ɗore. Haƙƙinki ne a faɗa miki wannan tun kafin aiki, a nuna miki hoton, a gaya miki ko akwai hanyar ceto haƙorin, kamar cire jijiyarsa a cike shi. Kada tsoron hasken hoto ya hana ki. Ƙaramin hoton haƙori bai wuce abin da jiki ke sha daga yanayi a kwana ɗaya ko makamancin haka ba. Abin ƙi shi ne ɗaukar hoto ba dalili.

Cire haƙorin da ba shi ba kuskure ne da ke faruwa har a manyan asibitoci, yawanci saboda an juya hoto, ko an rubuta dama a maimakon hagu, ko haƙora biyu maƙwabta duk sun lalace. Ni na taɓa kusa. An aiko mini da mutum da takarda, na riga na yi allura, sai da na ce ya nuna mini da yatsa na ga abin da ke rubuce da abin da ke bakinsa ba su zo ɗaya ba. Tun ranar ba na ɗaukar filaya sai mara lafiya ya nuna, na faɗi lambar haƙorin da ƙarfi, mataimakiyata ta duba fayil ta amsa. Idan likitanki bai yi haka ba, ke ki nuna masa, ba raini ba ne.

Sai shirin ko-ta-kwana. Mutum yakan suma a kujera, suga ya faɗi, asma ta tashi, ko jiki ya ƙi wani magani numfashi ya toshe. Dole asibiti ya ajiye iskar oksijin da allurar adirenalin da sauran magungunan gaggawa waɗanda wa'adinsu bai ƙare ba, da ma'aikatan da suka san yadda ake farfaɗo da mutum.

Game da maganin kashe ƙwayoyin cuta ina da ra'ayi mai zafi. Mafi yawan ciwon haƙori aiki yake so, a buɗe a wanke ko a cire. Waɗannan magungunan ba sa gyara jijiyar da ta ƙone a cikin haƙori. Wurinsu shi ne idan kumburi ya fara yaɗuwa, ko zazzaɓi ya shigo, ko garkuwar jikin mutum ta yi rauni. Likitan da ke rubuta su ga duk wanda ya zauna a kujerarsa ba kyauta yake yi ba, ko da mara lafiya ya tafi yana godiya.

Abin da za ki yi kafin mako mai zuwa

Ki koma ko ki kira, ki yi tambaya cikin ladabi kuma kai tsaye: kuna turara kan injin bayan kowane mutum? Da wace na'ura kuke tsarkake kaya, kuma yaushe kuka gwada ta? Za a buɗe jakar kayan a gabana? Ki nemi ganin lasisin likitan, domin kowace ƙasa tana da hukumar da ke yi wa likitocin haƙori rajista, kuma can ake kai ƙorafi. Yadda aka amsa miki ya kusa fin amsar kanta. Wurin da ke yin abin da ya dace yakan ji daɗin tambayar, wani ma ya ja ki ya nuna miki ɗakin. Idan aka haɗe fuska, ko aka ce "ai mu ba mu taɓa samun matsala ba", ki nemi fayilinki da hotonki ki gwada wani wuri. Sau da yawa ciwon hanta ba ya nuna kansa sai bayan watanni ko shekaru, kuma wanda ya kamu da wuya ya tuna da kujerar haƙori, don haka rashin jin ƙorafi ba shaida ba ne. Ranar aiki kuma ki dubi jakar: a liƙe take, a bushe, ba huji, layinta ya canza launi.

Sai dai in gaya miki iyakata. Ban ga wurin ba, labarinki kawai na ji, don haka ba zan yanke musu hukunci daga nesa ba. Mai yiwuwa ma'aikaciyar sabuwa ce, ko an zo an cire injin bayan fitarki. Ke ma duk lurarki, ba za ki iya ganin cikin bututu ko cikin otokilef ba. Wannan aikin masu sa ido ne na hukuma. Kuma ko a wurin da ya fi ko'ina kiyayewa, ramin haƙori yakan yi ciwo bayan kwana 2 ko 3 idan gudan jinin da ya rufe shi ya fita, ko saiwa ta karye a ciki. Wannan ba lallai sakaci ba ne. Abin dubawa shi ne ko an faɗa miki gaskiya, an rubuta, an ba ki lambar da za ki kira.

Batun madubin da aka riga aka sa miki, haɗarinsa ƙarami ne ƙwarai, tunda dubawa kawai aka yi ba a huda ko'ina ba. Idan zuciyarki ta ƙi natsuwa, ki gaya wa likitanki ya duba ko akwai buƙatar gwajin jini, kuma idan ba ki taɓa yin rigakafin ciwon hanta B ba, ki yi, allura 3 ce cikin wata 6. Kada kuma neman wuri mai kyau ya sa ki ajiye haƙorin har abin ya girma. Idan fuska ta kumbura, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ta yi wuya, ko zazzaɓi ya rufe ki, ki tafi asibiti a ranar, kada ki jira mako mai zuwa. Allah ya ba ki lafiya.